Na Je Wankan Jego, Na Ɓata a Dutsen Mambila

Tun da na dawo daga Kamaru matan zumuntarmu ta coci ba su bar ni na huta ba. Duk Lahadi in an tashi daga sujada, sai wata ta riƙe mini hannu a bakin ƙofa ta ce, "Maman Rifkatu, wai da gaske ne kin kwana a daji ke kaɗai?" In gutsura wa wannan, in gutsura wa waccan, har labarin ya fara dawo mini da abin da ban faɗa ba. Shekaranjiya wata ta tare ni a kasuwa tana yi mini barka da tsira daga bakin zaki. Babu wani zaki. Don haka na ce gara in zauna in ba da shi sau ɗaya, tun daga farkonsa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Saratu, ina sayar da citta da daddawa da acca a Unguwar Television, a Kaduna. Maigidana ya yi aikin masaƙa a Kakuri har Allah ya ɗauke shi. 'Ya'yanmu biyu ne suka rayu. Namijin yana Legas, sai Kirsimeti nake ganinsa, wata shekarar ma ba ya zuwa. Macen, Rifkatu, ta auri wani Daniyel mai yi wa shanu allura, mutumin Kamaru, ya tafi da ita wani ƙauye kusa da Banyo. Tun bikinta ban sake sa ta a ido ba.

Da daminar shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, wani direban babbar mota ya tsaya gaban teburina yana tambayar mai cittar da 'yarta ke aure a Kamaru. Saƙon baki ne, shi ma wani ne ya ba shi a Jalingo: Rifkatu ta sauka lafiya, namiji. Ban nemi shawarar kowa ba. Haihuwar fari ce, kuma a wurinmu uwa ce ke yi wa 'yarta wankan jego. Na daka yaji, na ƙulla kanwa da gero da daddawa a buhu. Shawul ɗin jariri da hula da safa da na daɗe da saƙawa na sa su a leda, na haɗa da citta da ƙuli-ƙuli da ɗan kwanon shan ruwana a ƙaramar jaka. Na ja ƙofa na sa kwaɗo.

A motar Jalingo maza ne suka fi yawa, kuma tun daga tasha zancen siyasa suke. Wani mai jar hula ya rantse cewa tunda farar hula sun hau, shingayen hanya sun ƙare. Bai daɗe da rufe baki ba muka iske shinge. Sojan da ke wurin ya zagaya bayan mota, ya ja numfashi, ya ɓata fuska.

"Buhun wane ne wannan?"

Na ce nawa ne.

"Mama, me ya mutu a ciki?"

Na ce daddawa ce, ta mai jego. Ya ce uwarsa ma irinta take yi, na ɓantaro masa kaɗan, muka wuce. Muka isa Jalingo. A can na kwana a rumfar wata mai tuwo da ke cikin tasha, na yi matashi da jakata. Kowa da abokin hirarsa, ni kuwa na juya wa bango fuska.

Daga Jalingo sai Bali, sai Serti, inda aka sauke mu aka zuba mu a wata tsohuwar Landiroba. Daga nan hawa ya fara. Ni 'yar ƙasar duwatsu ce, na ɗauka na san hawa, ashe ban sani ba. Hanyar tana naɗewa kamar gammo, hannun hagu dutse, hannun dama rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Kunnuwana suka toshe. Matar da ke kusa da ni ta yi ta amai a cikin gyalenta. Da muka kai sama sai ga ƙasa a shimfiɗe, tudu bayan tudu, ciyawa shar, shanu ko'ina, ga wani sanyi da ya shige mini ƙashi. A Kaduna damina zufa ce da sauro. A can ban ji kukan sauro ko ɗaya ba, kuma da rana tsaka mutane na jin ɗumi a cikin ɗaki. Fiya, wadda muke ci don marmari, na ga ta zube gindin bishiya awaki na wasa da ita.

A Gembu direba ya kai ni gidan wata tsohuwa mai saukar da matafiya, ana ce mata Dada Hauwa. Ta ba ni tuwon masara da miyar wani ganye mai ɗan ɗaci, da shayi wanda a nan ƙasar ake noma shi. Da ta ji inda za ni, sai ta dubi silifas ɗin ƙafata ta girgiza kai.

"'Yar'uwa, mota ba ta kaiwa iyaka yanzu, ruwa ya cinye hanya. Da ƙafa za ki ƙarasa. Kin san hazo?"

Na ce a Kaduna ma muna da hazo.

"Ba irin naku ba. Namu farin gajimare ne, yana saukowa ya zauna a kan mutum. Ƙanena ya san tudun nan kamar tsakar gidanmu. Hazo ya rufe shi da yamma, ruwa ya jiƙa shi, ya yi ta tafiya yana neman hanya. Da safe aka same shi a zaune, ya sandare, daga inda yake ana hango rugar da yake nema. Amma wani baƙo mai sayar da magani, wanda bai san ko'ina ba, ya kwana biyu a waje ya dawo da ƙafarsa. Shi tuɓe jiƙaƙƙiyar riga ya yi, ya shige cikin busasshiyar ciyawa. A nan ba yunwa ke kashe mutum ba, kuma ruwan sha ko'ina akwai. Jiƙaƙƙen kaya ne ke kisa. Kuma in kin ɓata kada ki gangara kwari don kin ji ƙarar ruwa, ba a fitowa. Ki nemi kashin shanu ɗanye. Saniya ba ta ɓata."

Na yi mata godiya irin wadda ake yi wa tsofaffi. Ta ba ni aron wasu tsofaffin takalman roba, ta ce in mayar mata in na dawo.

Washegari Landiroba ta kai mu wani ƙauye ta tsaya. Daga nan wani dattijo, Malam Hamadu, shi ke yi wa matafiya jagora, yana da doki mai ɗaukar kaya. Aka ɗaure buhuna a kan dokin, na rataya ƙaramar jakata. 'Yan kasuwa ne abokan tafiyar, duk maza, ni kaɗai ce mace, kuma ni ce a baya don ƙafata ba ta kai tasu sauri ba. Malam Hamadu yakan waiwayo ya ce, "Mama, sannu, a daure."

Bayan azahar cikina ya murɗa. Na yi ta daurewa har na kasa. Kunya ta hana ni in ce wa maza su tsaya zan kewaya, na ce a raina ai yanzu zan cim musu. Na ratse bayan wani tudu. Kafin in gama in ɗaura zanena, abin da Dada Hauwa ta faɗa ya sauko. Babu iska, babu ƙara. Na ɗaga kai kawai na ga babu tudun, babu sama, har ƙafata da ƙyar nake gani.

Na bi inda nake zaton hanya take. Hanyoyin shanu ne birjik, kowace kamar 'yar'uwarta. Na yi kira, "Malam Hamadu," muryata ta faɗi nan gabana kamar na yi magana cikin bargo. Sau ɗaya na ji kamar an amsa daga hagu, na bi da sauri, ban iske kowa ba. Yanzu na san da na zauna a inda na fara ɓata, da sun same ni, don sun dawo nema. Amma mai tsoro ba ya iya zama. Na yi ta tafiya har aka fara yayyafi, yayyafi ya zama ruwa, na jiƙe sharkaf.

Can na ji ƙarar ruwa a ƙasa, daga gefen dama. Zuciyata ta ce inda rafi yake nan mutane suke, haka yake a garinmu. Har na fara gangarawa, ƙafata ta zame, na zauna daɓas, takalmi ɗaya ya fice ya tafi. Na saurara, ban ji inda ya faɗa ba. Na juya da rarrafe, ina kama ciyawa, na koma sama.

Haƙorana suna ta haɗuwa, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wani barci mai daɗi da ya fara zuwa mini, ina ji kamar in zauna kaɗan kawai in huta. Na tuna ƙanen Dada Hauwa da aka samu a zaune. Na ciro citta na tauna har idona ya yi ruwa, na ci gaba da jan ƙafa.

Gab da magariba na yi karo da wata bukka ta makiyaya da aka bari. Rabin rufinta ya faɗa ciki, amma ɗaya gefen bai jiƙe ba. Na shiga, na tuɓe komai, ni da na ji kunyar cewa zan kewaya. Na matse kayan na rataye. Na buɗe ledar jariri, shawul ɗin nan a bushe, fari tas. Na daɗe ina kallonsa, sannan na naɗe ƙirjina da shi. Hular ba ta shiga kaina ba, sai na cusa ƙafar da ba takalmi a ciki, safar kuma na zura wa yatsun hannu. Na yage ledar na rufa a kafaɗa, na zaro busasshiyar ciyawa daga cikin rufin na binne kaina da ita har wuya. Ashanar da ke jakata ta zama kunu, wuta ba ta samu ba. Na ci ƙuli-ƙuli, na tara ruwan da ke ɗiga a kwano na sha.

Ba zan ce muku na yi jarunta ba. Na yi kuka, na kira sunan maigidana, na yi masa faɗa don ya tafi ya bar ni ina yawon duniya ni kaɗai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na lissafa na ga babu mai jirana. Rifkatu ba ta san na taso ba. Ɗana bai san na bar Kaduna ba. Maƙwabta sun ga kwaɗo a ƙofa, shi ke nan. In na mutu a nan, sai an daɗe kafin wani ya ce ina Saratu. Na yi ta rera waƙoƙin zumunta ƙasa-ƙasa don kada barci ya ɗauke ni, in na gama ɗaya in motsa yatsun ƙafa in kama wata, har gari ya waye.

Da safe hazon bai tafi ba, amma ya yi sauƙi. Muryata ta dushe, don haka na samu dutse ina bugun kwano, in buga in saurara. Ba wanda ya amsa. Na mayar da kayana masu danshi a kan shawul, na ɗaure ƙafar da ba takalmi da ɗankwali, na fito ina duban ƙasa. Kashin shanu na nan da yawa, amma duk tsoho, ruwa ya wanke shi. Na yi ta bi har na samu wanda na sa yatsa na ji da sauran ɗumi. Ban taɓa murna da wani abu a duniya kamar wannan kashin ba. Na bi sawun, ina bugun kwano, har na ji kukan maraƙi.

Wata mace ce ta fito daga cikin hazon, doguwa, siririya, da ƙwarya a hannu. Bafulatana ce, za ta yi sa'ata. Ta tsaya ta dube ni tun daga safar jariri a yatsuna har ɗankwalin ƙafata. Ta yi magana, ban gane ba. Na yi Hausa, ba ta gane ba. Sai ta ajiye ƙwaryar ta kama hannuna biyu ta sa a hammatarta, ta riƙe su a nan.

Ta kai ni bukkarta, ta cire mini kayan, ta rufa mini bargonta mai warin hayaƙi da man shanu. Na matsa zan cusa ƙafafuna cikin wuta, ta janye ni baya, ta girgiza kai. Ta ɗumama madara tana ba ni kaɗan-kaɗan, tana cewa "kosam," ina maimaitawa. Daga nan ta zauna a bayana ta jingina ni da ƙirjinta, kamar yadda ake yi wa yaro mai zazzaɓi. Tun rasuwar maigidana ba wanda ya riƙe ni haka. Na yi barci a jikinta har rana ta karkata. Da na farka na tarar ta wanke shawul ɗin ta shanya kusa da wuta. Ta nuna shi, ta yi alamar goyo. Na gyaɗa kai, na nuna gabas. Ta yi dariya ta ɗaga yatsu tana nuna mini yawan nata jikokin.

Washegari mijinta ya ɗora ni a doki ya kai ni ƙauyen bakin iyaka. Malam Hamadu yana can, idanunsa jajur. Ashe ya kai 'yan kasuwa ya komo, ya yi ta zagaya tuddai yana kira.

"Mama, me ya sa ba ki yi magana ba?"

Na ce kunya na ji.

"Ni ma uwa ce ta haife ni. Da kin ce a tsaya, da an tsaya." Ya juya ya share fuska da hannun riga, ya ce buhuna na nan ba abin da ya taɓa shi.

Iyakar kanta wani dogon itace ne aka gitta a hanya. Jandarma ya tambayi takarduna da Faransanci, Malam Hamadu ya yi masa dogon bayani da Fulatanci. Jandarman ya leƙo ya dubi ƙafata da ta kumbura, ya ɗaga itacen, har ya gutsuro mini burodinsu, dogo kamar taɓarya, mai tauri a baya. Na jiƙa shi a shayi kafin haƙorina ya iya da shi.

Na isa gidan Rifkatu ana gab da yin arba'in. Ta fito da jariri a kafaɗa, ta tsaya tana kallona kamar ba ta gane ni ba, sannan ta ce, "Mama, ke da wa?" Na ce ni kaɗai. Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Wankan da na je yi, uwar mijinta ta riga ta yi shi. Su ba sa fyaɗa ruwan zafi da ganye kamar mu, tsumma suke tsomawa su danna jiki. Kunun kanwa da na dama, Rifkatu ta sha don ta faranta mini, sauran mutanen gidan suka ɗanɗana suka ajiye. Daddawata kuwa aka kai ta bayan ɗaki. Mutanen kirki ne, ba su rage ni da komai ba, sai dai hirarsu da Fulatanci ce da Faransanci, kuma 'yata tana yinsu kamar a can aka haife ta. Sai a kwashe da dariya, ni ina zaune da jikana a cinya ina murmushin da ban san dalilinsa ba.

Amma kowace safiya Rifkatu takan ɗora ruwa, ta zo da shi ɗakina, ta durƙusa ta sa ƙafafuna a ciki tana dannawa da tsumma. Na ce mata, "Ni na zo yi miki, ke kike yi mini." Ta ce, "Mama, ki yi shiru ki miƙo ɗayar." A wannan lokacin kaɗai muke hira da harshen garinmu, mu biyu. Ranar da zan taho ta ce in zauna tare da su gaba ɗaya. Na dubi gidan, na ga ta samu wurinta a cikinsa, kuma ba wurina ba ne. Na ce citta na jirana.

A kasuwar Banyo na sayi turmin atamfa mai ruwan ganye saboda matar da ta tsince ni. Da muka ƙetaro iyaka na roƙi Malam Hamadu mu ratse ta rugar su matar. Ranar garau take, ana hango tuddai har iyakar gani, na ga bukkar da na kwana, na ga kuma bakin ramin da takalmin Dada Hauwa ya faɗa. Da muka isa rugar ba kowa. Sun tashi. Sai duwatsun murhu da toka da da'irar inda shanu suka kwana. Malam Hamadu ya tambayi wasu makiyaya a hanya, wani ya ce sun yi gabas, wani ya ce sun gangara kudu.

Na mayar wa Dada Hauwa takalminta ƙafa ɗaya tare da sababbi. Ta juya tsohon a hannu, ta zuba mini shayi.

Na iso Television da yamma, na buɗe kwaɗo, na share ɗaki, na dafa abincin mutum ɗaya. Atamfar tana cikin akwatina, ban ɗinka ba, ba kuma zan ɗinka ba. Ban san sunan matar ba, ita ma ba ta san nawa ba. In ina addu'a da safe, bayan na ambaci Rifkatu da ɗan'uwanta da jikana, sai in ce, "da matar nan." Ubangiji ya san wadda nake nufi.